Yaron da aka haifa a kabari: yadda Japan ta shigar da fatalwa ɗakin yara

A watan Janairun 1968 gidan talabijin na Fuji da ke ƙasar Japan ya fara nuna wani katun na yara, baƙi da fari, wanda jaruminsa, Kitaro, yaro ne mai ido ɗaya da ya tono kansa daga kabari bayan an binne mahaifiyarsa da cikinsa. Mahaifin ma ya riga ya mutu, jikinsa ya ruɓe, amma saboda tsananin damuwa da halin da jaririn zai shiga sai ƙwayar idonsa guda ta ƙi mutuwa, ta zazzago daga gurbinta, ta tsiro da 'yan hannuwa da ƙafafu, ta ci gaba da bin ɗanta tana yi masa nasiha, idan kuma ta gaji ta shiga ɗan kwano ta yi wanka da ruwan ɗumi. Duk wanda aka karanta wa wannan bayani ba tare da ya ga shirin ba, zai rantse cewa ba a yi shi don yara ba. Amma shirin GeGeGe no Kitaro ya karɓu a gidajen Japan karɓuwar da ta sa kamfanin Toei ya sake shirya shi a 1971 da 1985 da 1996 da 2007 da kuma 2018, ta yadda a yau kaka da uba da jika kowannensu yana da Kitaro na zamanin ƙuruciyarsa. Abin da ya cancanci a tsaya a duba shi ne hanyar da labari irin wannan ya bi daga maƙabarta har ya isa ɗakin yara, da abin da aka zubar a hanya kafin a bar shi ya shiga.

Sai an fara warware matsalar kalmomi, domin kalmar fatalwa ba ta ɗauke duk abin da Japanawa suke nufi ba. Suna da yurei, wato kurwar mamacin da bai samu natsuwa ba, kuma ita ce ta fi kusa da fatalwarmu: mace mai farin tufafi da dogon gashi a barbaje, wadda ake zanawa ba ƙafafu, irin Oiwa ta wani wasan kwaikwayo na 1825 da ta dawo ta addabi mijin da ya ci amanarta. Suna kuma da yokai, wani faffadan rukuni da ya haɗa abin da mu za mu rarraba tsakanin dodanni da iskokin daji da na ruwa da dabbobi masu rikiɗa, har da tsofaffin kayan gida da aka yi watsi da su suka yi rai. Masanin al'adun gargajiya Yanagita Kunio ya bambanta su da cewa yurei mutum take bi, duk inda ya gudu za ta same shi, kuma cikin tsakar dare take fitowa, alhali yokai wuri yake riƙewa, kamar gada ko bakin rafi ko wata kwana a hanyar dutse, kuma ya fi bayyana da almuru. Masana na baya sun nuna cewa wannan rabo bai cika zama daidai a kowane labari ba, amma yana da amfani a nan. Tsoron yurei yana tafe da laifi da ramuwar gayya, abubuwan da suka fi ƙarfin ƙaramin yaro. Shi kuwa yokai maƙwabci ne mai wuyar sha'ani, wanda idan ka san ladabin zama da shi za ku rabu lafiya. Kitaro, ko da yake labarin ya ce shi ne na ƙarshe a ƙabilar yurei, kusan duk harkarsa da yokai yake yin ta, kuma ta wannan ƙofa ya samu shiga.

Mutumin da ya zana shi, Mizuki Shigeru, an haife shi a 1922, ya girma a Sakaiminato, wani ƙaramin garin masunta a lardin Tottori. A gidansu akwai wata tsohuwa da take zuwa taya aiki, wadda yara suke kira Nonnonba, kuma ita ce ta cika masa kai da labaran abubuwan da ido ba ya gani. Wanda ya taso yana jin tatsuniya a bakin kaka bayan sallar isha zai gane irin wannan makaranta, sai dai tsohuwar ba ta ɗauki abin da take faɗa a matsayin ƙanzon kurege ba. Tana nuna masa tabon da ke jikin rufin ɗaki ta ce wani ne ya lasa da dare, tana gargaɗinsa cewa bahon wankan da aka bari da dauɗa yana gayyato mai lashe ƙazanta. Akwai kuma Betobeto-san, ƙarar takun da mutum yake ji a bayansa idan yana tafiya shi kaɗai a cikin duhu. Maganinsa shi ne mutum ya rage tafiya, ya koma gefen hanya, ya ce masa cikin ladabi ya wuce gaba, sai takun ya wuce ya ɓace. A ganina wannan ɗan labari ya ƙunshi dukan dabarar da Mizuki ya yi aiki da ita tsawon rayuwarsa. Ba a ce wa yaron babu komai a bayansa ba, domin shi ya san ya ji abu. An ba abin suna, an kuma ba yaron kalmar da zai faɗa masa.

Tsakanin wannan ƙuruciya da zanen Kitaro akwai yaƙi. An ɗauki Mizuki soja a 1943, aka tura shi yankin Rabaul a tsibirin New Britain, wanda yanzu yake cikin ƙasar Papua New Guinea. Ya ga mutuwar abokansa, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, yana kwance kuma bom ɗin jirgin sama ya raba shi da hannunsa na hagu. Mutanen ƙabilar Tolai da ke wurin suka ja shi a jiki suna ba shi abinci, har ya yi tunanin zama a cikinsu bayan an gama yaƙin. Da ya koma gida da hannu ɗaya ya taɓa sana'o'i iri-iri kafin ya faɗa zanen kamishibai, kuma daga nan ne tarihin Kitaro ya haɗu da nasa.

Kamishibai wasan kwaikwayo ne na takarda. Mai wasan yana zuwa unguwa a kan keke, ɗauke da wani akwatin katako mai taga a gaba, ya buga wasu 'yan katakai biyu don yara su taru. Yana sayar musu da alewa tukuna, wanda ya saya ya tsaya a gaba, wanda bai saya ba ya leƙa daga baya, sannan ya fara zare allunan zane ɗaya bayan ɗaya yana ba da labari da muryoyi daban-daban, ya kuma yanke shi a daidai wurin da ya fi daɗi don su dawo gobe da kuɗin alewa. A irin wannan dandali ne aka fara jin sunan Kitaro na Maƙabarta tun a shekarun 1930, a hannun wasu masu zane da suka riga Mizuki, su ma kuma daga wata tsohuwar almara suka ɗebo shi. Almarar ta ce wata mata ce take zuwa shagon mai alewa kowane dare ta sayi alewa da tsaba guda, har mai shagon ya yi shakka ya bi bayanta, sai ta ɓace masa a maƙabarta, ya ji kukan jariri daga cikin wani sabon kabari. Da aka tona sai aka tarar da jariri a raye kusa da gawar uwarsa, wadda take ciyar da shi da alewar. Har yanzu akwai shago a birnin Kyoto da ke sayar da alewa da sunan wannan fatalwa mai reno. Ashe tun asali labarin yana da fuska biyu, ban tsoro da ƙaunar uwa, kuma duk wanda ya gaje shi sai ya zaɓi wadda zai fi haskawa.

Talabijin, wanda aka fara watsa shirye-shiryensa a Japan a 1953, shi ya kashe kasuwar kamishibai, har mutane suna kiransa kamishibai mai lantarki. Masu zanen suka watse, da yawansu suka koma zana littattafan manga na haya, wato littattafan labari cikin zane, waɗanda ake bayarwa aro a dubban ƙananan shaguna a kan 'yan kuɗi kaɗan. A wannan kasuwa Mizuki ya fitar da nasa Kitaro na Maƙabarta a 1960. Masu karanta littattafan haya ba ƙananan yara ba ne zalla, akwai samari 'yan ci-rani da suka baro ƙauyuka suna aiki a masana'antun birni, kuma babu wani babban kamfani ko mai talla da yake sa ido a kan abin da ake bugawa. Saboda haka Kitaro na wancan lokaci ba yaron kirki ba ne. Mummuna ne, mai dariyar ƙeta, mai son kuɗi, kuma mutanen da suka yi hulɗa da shi sukan ƙare a cikin bala'i, har da mutumin da ya tsince shi ya rene shi. Mizuki kansa a lokacin yana cikin talauci na fitar hankali, yana kai kayan gidansa jingina, masu buga littattafan kuma suna karyewa da kuɗinsa a hannunsu, kuma ɗacin wannan rayuwa ya fito fili a shafukan.

Sauyin ya zo ne a 1965, lokacin da Mizuki yana da shekara 43. Ya ci kyautar kamfanin Kodansha ta manga na yara da wani gajeren labari a kan yaron da yake iya shiga cikin akwatin talabijin, kuma a shekarar ce mujallar mako-mako ta Shonen Magazine ta fara buga Kitaro. Mujalla mai shiga gidajen mutane da yawa tana da sharuɗɗan da shagon haya ba shi da su. Masu karatunta 'yan makaranta ne masu son jarumi da faɗa, don haka aka juya Kitaro ya zama mai kare mutane daga miyagun yokai, aka ba shi makamai: gashin kansa yana harbawa kamar allurai, takalman katakonsa suna tashi su bugi abokin gaba, 'yar shararsa mai ratsin baƙi da rawaya kuma an saƙa ta da gashin kakanninsa. Da maganar talabijin ta taso sai aka ga cewa kalmar maƙabarta a sunan shirin yara ba za ta yi wa kamfanonin da ke ɗaukar nauyi daɗi ba, sai aka cire ta a 1967 aka sa GeGeGe, daga laƙabin da ake kiran Mizuki da shi yana yaro saboda ya kasa furta sunansa Shigeru daidai. Idan aka jera matakan nan huɗu, keke da shagon haya da mujalla da talabijin, za a ga cewa a kowane mataki masu kallo suna ƙaruwa, wanda yake biyan kuɗin yana ƙara nisa da yaron, kuma gwargwadon nisansa gwargwadon yadda yake tsoron abin da zai ɓata wa iyaye rai. Mai alewa yana kallon idon yaran da ke gabansa, ya san iya tsoron da zai dawo da su gobe. Kamfanin da ke talla a talabijin kuwa ba ya ganin yaron, wasiƙar ƙorafin uwarsa yake gani.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce talabijin ya wanke labarin tas. Waƙar buɗe shirin, wadda Mizuki ya rubuta baitocinta da kansa, tana yi wa yara kwaɗayin rayuwar fatalwa ne, inda babu makaranta, babu jarrabawa, ana barci har rana ta take, da dare kuma a yi wasanni a maƙabarta. A ƙasar da jarrabawa take da nauyi irin na Japan, wannan ba ƙaramar tsokana ba ce. Sannan an bar Nezumi Otoko, wato Mutum-Ɓera, rabi mutum rabi yokai, wanda yake taƙama da cewa ya yi ɗaruruwan shekaru bai yi wanka ba, kuma a shirye yake ya sayar da Kitaro a kan 'yan kuɗi a kowane mako, gobe kuma ya dawo a ci abinci da shi kamar ba a yi komai ba. Duk halin banza da aka kwashe daga jikin jarumin, a kansa aka juye shi, kuma ta bakinsa marubucin yake faɗin abin da yake gani game da kwaɗayi da munafuncin manya. Da babu shi, da shirin ya zama wa'azi mara gishiri.

Akwai kuma bambancin da ke tsakanin shafi da allon talabijin, wanda ya shafi kowane littafin labari cikin zane da aka mayar shiri, ba Kitaro kaɗai ba. A littafi, yaro ne yake riƙe da linzamin lokaci. Shafin manga an raba shi gida-gida, ana karanta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami, kuma mai zane da ya san aikinsa yakan ɓoye abin tsoron a bayan shafi, ta yadda sai mai karatu ya juya da hannunsa zai gan shi. Yaron da gabansa yake faɗuwa yana iya dakatawa, ya leƙa ta gefe, ya rufe littafin, ya koma baya ya sake kallon dodon har sai ya saba da shi. Abin da ya faru tsakanin wannan gida da na gaba kuma ba a zana shi ba, ƙwaƙwalwar yaron ce take cike gurbin, kuma ba kasafai take cike shi da abin da ya fi ƙarfinta ba. Talabijin ya ƙwace wannan linzami. Shi yake yanke lokacin da abin zai faɗo, ya kuma ƙara sauti, wanda shi ne rabin tsoro. Wannan ne ya sa abin da yaro ɗan shekara takwas zai iya ɗauka a takarda yakan yi masa yawa a allo, kuma ya sa masu shirya katun suke rage duhun hoto, su ƙara barkwanci, ko da babu mai talla da ya tilasta musu. Salon zanen Mizuki ma ya sha wahala a wannan ƙaura. A littattafansa, dazuzzuka da tsofaffin gidaje da duwatsun kaburbura an zana su da ɗigo-ɗigo da siraran layuka masu yawan gaske, kamar hoton kyamara, sannan a ɗora mutane masu sauƙin zane da ban dariya a kai, ta yadda wurin ne yake da nauyi da kwarjini, mutum kuwa baƙo ne a cikinsa. Katun na mako-mako, da ake zana dubban hotuna cikin gaggawa, ba shi da halin ɗaukar wannan aiki, don haka jaruman suka matso gaba, dajin ya koma baya.

Idan aka waiwayi Amurka a daidai wannan zamani za a ga an fuskanci matsala iri ɗaya, aka warware ta ta wata hanya dabam. A farkon shekarun 1950 mujallun zane masu ban tsoro sun yi kasuwa sosai a can, har likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafi a 1954 yana ɗora musu alhakin lalacewar tarbiyyar yara, wani kwamitin majalisar dattawa kuma ya zauna a kan batun. Don gudun kada gwamnati ta sa musu doka, kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu a shekarar, wadda ta haramta nuna gawa mai tafiya da masu shan jini da mutane masu rikiɗa su zama kyarkeci, ta kuma hana sa kalmomin ban tsoro a sunan mujalla, ba a sassauta ba sai a 1971. Fatalwar da ta rage wa yaran Amurka ita ce irin Casper, wanda ya fara fitowa a katun a 1945, farin yaro mai taushin hali da babban baƙin cikinsa shi ne mutane suna gudunsa alhali abota yake nema. Sai kuma Scooby-Doo, wanda tashar CBS ta fara nunawa a watan Satumban 1969, lokacin da ƙungiyoyin iyaye suke matsa lamba a kan yawan faɗa a katun ɗin safiyar Asabar. A zubinsa na farko kowane labari yana ƙarewa ne da cire wa fatalwar abin rufe fuska, a tarar ashe wani mutum ne mai son ya kori jama'a daga wani wuri don ya mallaki dukiya. Darasin yana da kyau, domin yana koya wa yaro bincike da rashin saurin yarda, kuma daga baya shirin ma ya shigo da fatalwowi na gaske. Amma hanyoyin biyu, ta Casper da ta Scooby-Doo, duk suna kwantar wa yaro da hankali ne ta hanyar cire haƙoran abin tsoron, ko dai a ce ba ya cizo, ko a ce babu shi. Japan ma ta yi nata yunƙurin korar miyagun littattafai a 1955, har ƙungiyoyin iyaye suka ƙona manga a filayen makarantu, sai dai abin bai zama dokar da ta hana nau'in labari sukutum ba. Saboda haka yokai na Kitaro suka ci gaba da zama na gaske a cikin labarin, masu iya cutarwa, kuma sau da yawa idan aka bi diddigi sai a ga mutane ne suka fara tsokana, sun sare daji ko sun rushe wurin bauta ko sun zuba guba a kogi.

Babban tasirin Mizuki, wanda kuma ya fi wuyar yanke hukunci a kansa, yana wani wuri dabam. Yawancin yokai na ƙauyuka ba su da siffa. Abubuwa ne da ake ji ko ake fuskanta: ƙarar wankin wake a bakin rafi alhali babu kowa, yashin da ake watsa wa mai wucewa ta gindin itatuwan wurin bauta, kukan jariri a cikin duwatsu wanda idan ka ɗauke shi yake ta ƙara nauyi har ya danne ka. Mai zane Toriyama Sekien ya zana wasu tun a 1776, Mizuki kuma ya ɗauki da yawa daga gare shi, amma waɗansu a jerin sunayen da Yanagita ya tattara daga bakin mutanen karkara kawai ya same su, layi biyu ko uku ba hoto. Shi ya ƙirƙira musu jiki. Nurikabe, a bakin mutanen gaɓar tekun Fukuoka, wani abu ne da yake tare matafiyi da dare, ya ji kamar bango a gabansa, ya yi dama ya yi hagu ya kasa wucewa, sai ya bugi ƙasan wurin da sanda sannan hanya ta buɗe. Mizuki ya zana shi a matsayin katafaren bango mai 'yan idanu masu kama da na mai jin barci da gajerun ƙafafu, ya sa shi cikin abokan Kitaro. Ittan-momen na Kagoshima, farin yadi mai tsawon kusan mita 10 da ake cewa yana shawagi da yamma ya naɗe fuskar mutum ya toshe masa numfashi, ya zama abin hawan jarumin. Mai watsa yashi ta zama tsohuwa mai faɗa da kirki, jaririn nan mai nauyi ya zama tsoho mai son giya.

Ribar wannan aiki a fili take. Da ba don shi ba, da yawancin waɗannan sunaye sun mutu tare da tsofaffin da suka san su, a shekarun da matasan Japan suke tururuwa zuwa birane. Amma an biya farashi. Abin da yake ba nurikabe ƙarfi a da shi ne rashin ganinsa, domin suna ne da aka ba wani yanayi da duk matafiyin dare ya sani, lokacin da ƙafa ta ƙi gaba ba tare da dalili ba. Da aka ba shi idanu da ƙafafu sai ya zama ɗan wasa, ana iya yin 'yar tsanarsa a rataya a jakar makaranta, kuma kowane yaro daga Hokkaido a arewa zuwa Okinawa a kudu hoto ɗaya yake gani idan an ambaci sunan, alhali a da kowane kwari yana da nasa. A 2007 aka ba da labarin wani tsohon zane na 1802 da ke ajiye a ɗakin karatun wata jami'a a jihar Utah ta Amurka, wanda aka rubuta nurikabe a jikinsa, kuma abin da ke ciki wata farar dabba ce mai kama da kare, mai ido uku. Masana ba su haɗu a kan cewa abu ɗaya ake nufi da na Fukuoka ba, amma ko da sun haɗu, da wuya wani yaro ya yarda ya sauya bangon da ya sani. Ni dai ina ganin zana abin tsoro shi ne matakin farko na horar da shi, kuma wannan ne dalilin da ya sa irin waɗannan littattafai suke yi wa yara amfani, shi ne kuma dalilin da ya sa masu nazarin al'adu suke kallonsu da ido biyu.

Abin da ya hana shirin tsufa shi ne cewa kowane zubi yana ɗaukar damuwar zamaninsa ya sa mata rigar yokai. Na 1971 ya zo a lokacin da gurɓatar iska da ruwa daga masana'antu ta zama babbar magana a Japan, kuma hakan ya fito a labaransa. Na 1985 ya fi kowanne mayar da Kitaro jarumin faɗa, aka kuma haɗa shi da wata yarinya 'yar mutane don masu kallo su samu wadda za su ga kansu a jikinta. A 2008 aka koma tushe, aka shirya Kitaro na Maƙabarta na littattafan haya a kashi 11, amma aka sa shi a tsakar dare don manya, abin da yake nuna cewa bayan shekara 40 ma ba a ga ya dace da safiyar yara ba. Na 2018, mai kashi 97, ya buɗe ne da wani matashi mai ɗaukar bidiyo don neman mabiya a intanet, wanda garin neman suna ya saki wani abu da aka daɗe da ɗaurewa, ya kuma taɓo wayar hannu da cin zarafi a kafafen sada zumunta da kamfanonin da ke tatsar ma'aikata har su mutu. A wannan zubi Nozawa Masako, wadda ta yi muryar Kitaro a 1968, ita ce ta dawo ta yi muryar mahaifinsa, ƙwayar idon nan.

Shi kuwa Mizuki bai tsaya a labaran yara ba. A 1973 ya fitar da littafin zane a kan rundunarsu da aka umarta ta je ta mutu a banza a New Britain, daga baya kuma ya zana tarihin zamanin Showa, wato zamanin mulkin Sarki Hirohito, gaba ɗaya, kuma wanda ya karanta waɗannan zai fahimci inda rashin yardarsa da manya masu ba da umarni ya samo asali. Littafinsa a kan Nonnonba ya ci babbar kyautar bikin littattafan zane na Angoulême a Faransa a 2007, karo na farko da wani manga ya ci ta. Ya rasu ranar 30 ga Nuwamban 2015 yana da shekara 93. Ya sha faɗa a hirarraki cewa hasken lantarki ne ya kori yokai daga Japan, domin ba sa rayuwa sai inda akwai duhu da shiru irin na ƙauyen ƙuruciyarsa da dazuzzukan New Britain. Garinsu Sakaiminato, wanda mutanensa ba su kai 40,000 ba, ya buɗe wani titi da sunansa a 1993 da mutum-mutumin tagulla 23 na yokai, filin jirgin saman yankin ya ɗauki sunan Kitaro a 2010, kuma a shekarar, da tashar NHK ta nuna wasan kwaikwayo a kan rayuwar matarsa, masu ziyarar titin sun haura miliyan 3. Da aka sabunta titin a 2018 mutum-mutumin sun kai 177, har da Betobeto-san, wanda a da ƙarar taku ce kawai, yanzu kuwa dunƙulallen abu ne mai faffaɗan murmushi da yara suke shafa kansa a ɗauke su hoto. An kuma kakkafa fitilu na musamman waɗanda idan rana ta faɗi suke haska inuwar yokai a kan daɓen titin, don baƙi su samu abin kallo da dare.